Ina Gajiya? Ba Gajiya

Mutanen Hawan Dawaki da Korgom, da Kona da Baudeta, da Maijirgi da Urafan, har cikin birnin Tasawa, da ƴan'uwanmu na ƙasar Mayahi, da ma waɗanda muryarmu ke tsallaka iyaka ta iske su a ƙauyukan Katsina, ina kwananku? Ina gajiya?

Ko ban ji ba na san amsar da kuka bayar. Ba gajiya. Haka muka taso muka iske iyaye suna yi. Manomi ya wuni duƙe a gona tun asuba, bayansa ya ƙage, ka ce masa ina gajiya, ya ce maka babu gajiya. In ya so ya tsawaita, ya ce gajiya ta bi lafiya. Gaisuwa ce mai kyau, ba ni da ja da ita. Amma yau ina son mu tsaya kan mutum biyu da wannan amsa take ci a tsaye: ma'aikaciyar jinya da ke gidan likita, da mai jinyar da ke zaune bisa tabarma gefen gadon mara lafiya.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata shekara, cikin Satumba, hatsi ya fid da kai, na kwana a wani gidan likita na karkara da ɗan ƙanwata. Ba zan faɗi garin ba. Masassara ta kama yaron kwana uku ana jiƙe-jiƙe a gida, sai da ya fara fizge-fizge aka aza shi a kabu-kabu. Mun isa bayan isha'i. Mace ɗaya muka iske tana gardi, kuma babu wuta. Ta kama wayarta da haƙora, fitilar wayar tana haska hannun yaron, ita kuma tana laluben jijiya da yatsa. Jini ya yi ƙasa, tafin hannunsa fari fat, jijiya ta ɓuya. Ta soka, ba ta samu ba. Ta koma ɗaya hannun, nan ma shiru. A karo na uku uwar yaron ta fashe da kuka ta riƙe mata hannu. Sai likitar ta zare wayar daga bakinta ta daka mata tsawa: "Ina kike tun shekaranjiya? Sai da ya kusa tafiya za ki kawo mini shi?" Raina ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe baki, sai na tuna ran yaron yana hannunta, na haɗiye. A karo na huɗu ta samu jijiya a ƙafa, ruwa ya fara ɗiga.

Wajen ƙarfe uku na dare na fito shan iska, na iske ta zaune bisa benci a baranda, ga kwanon tuwo a gefenta, ya sandare, ko loma ba ta yi ba. Na ce, "Likita, sannu da aiki, ina gajiya?" Ta ce, "Ba gajiya, Malam." Muryarta na rawa. Kafin in ƙara wata magana sai ga hasken babur, an kawo mai naƙuda. Ta miƙe, ta shige. Da safe mai gadi yake gaya mini darenta na uku ke nan a jere, abokin aikinta ya tafi taron horo a birni, kuma da la'asar ɗin ranar wani yaro ya cika a hannunta.

Ban zo in wanke ta ba. Tsawar da ta yi wa ƙanwata ba daidai ba ce, kuma ba a gidan likitan nan aka fara ba. Kowa a cikinku yana da nasa labarin. Har littafi aka yi a kan wannan: a 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da binciken da aka gudanar a Yamai da Bamako da Dakar da Abijan da Konakiri, kan yadda ake karɓar marasa lafiya, kuma abin da suka gano bai yi wa kowa daɗin ji ba. Akwai wulaƙanci, akwai sanayya, akwai na goro. Wanda ya yi wannan da gangan, hukunci ya dace da shi. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Cikin masu tsawar nan akwai waɗanda ranar da suka fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram ko ta Yamai, da tausayinsu suka fito, cike da ƙirji. Ina ya tafi?

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi wa kansa irin wannan tambaya. Yana aikin sa kai a wani ɗan asibitin kyauta a birnin Niyok, inda ake kula da masu shaye-shaye, sai ya lura matasan da ke zuwa taimako da zafinsu, bayan kamar shekara guda sai su dushe, su zama masu saurin fushi, su daina jin komai. A 1974 ya rubuta abin, ya sa masa sunan da ke nufin ƙonewa ƙurmus. Mu da muka tashi da fitilar ƙwai mun fi shi sanin hoton: mai ya ƙare, amma ba a kashe fitilar ba, sai wuta ta koma cin lagwani. Haske na raguwa, hayaƙi na ƙaruwa. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan hali cikin sabon kundinta, ta ce matsala ce da aiki ke haifarwa idan nauyinsa ya daɗe bisa mutum ba a sauke ba. Ta ba shi alama uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin har mutum ya koma ƙyamarsa, sannan aikin kansa ya daina kyau. Ku dubi ta biyun nan da kyau. Ita ce muke gani mu ce likita ba ta da imani. Sau da yawa zuciya ce ta rufe ƙofa don ta gaji da karɓar gawa.

To me ya sa abin ya fi tsanani a wurinmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa na buƙatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma kusan 4 da rabi ga kowane mutum 1,000. Nijar ko ɗaya ba ta kai ba, kuma ɗan abin da ke akwai ya fi taruwa a Yamai da manyan birane. Ga jihar Maradi, ƙidayar 2012 ta same mu sama da miliyan 3 da dubu 400, a lokacin da mace ɗaya a jihar ke haihuwar ƴaƴa sama da 8 in an yi tsakaici. Yau kuwa sai abin da ya ƙaru. Kowane cikin nan da awonsa, kowace haihuwa da darenta, kowane yaro da allurarsa.

Tun 2006 aka ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a duba shi kyauta, mai ciki a yi mata awo kyauta. A Agustan 2024 kuma hukuma ta zaftare rabin kuɗin da ake biya a gidajen likita na gwamnati, ta ce haihuwa kyauta. Alhamdu lillahi, talaka ya samu sauƙi, uwar da a da take ƙirga dala-dala kafin ta fito yanzu tana fitowa. Amma layi ya yi tsawo, hannuwan da ke karɓar layin suna nan yadda suke. Kuma an sha ganin kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita na wannan kyauta su yi wata da watanni ba su zo ba, magani ya yanke a kanta. Uban yaro da aka ce masa kyauta ne, aka miƙa masa takarda ya je ya saya, wa zai zaga? Ba ya ganin minista. Wadda ke gabansa da farar riga ita ce gwamnati.

Sai damina. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tamowa ta tashi, shi ne lokacin da sauro ke cin kasuwarsa. Daga Yuli zuwa Oktoba ga rabon maganin rigakafin masassara gida-gida ga yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, ga awon hannun yara, ga rahoton ƙarshen wata da ake cikawa da biro har tsakar dare. Masu shekaru a cikinku ba su manta 2005 ba, da aka kwantar da dubban yara a Maradi. Ba mu manta kwalarar 2018 da ta faro daga Madarunfa ba, ko ta 2021. A 2023 da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wa ya ci gaba da karɓar haihuwa cikin duhu? Kowace masifa in ta zo, bakin ƙofar nan take fara sallama. Gari irin Hawan Dawaki kuwa, da ke bakin iyaka, ciwo ba ya tambayar takardar ɗan ƙasa.

Wani zai ce ai aikinta ne, albashi take ci. To, ko don kanka ka damu da barcinta. A 1997 wasu masu bincike a Ostareliya suka auna mutane, suka ga wanda ya kai awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da hankalinsa suna yin rauni kamar na wanda ya ɗan sha giya. Awa 17 kawai. Ita kuwa wadda na ba ku labari darenta uku. Wannan hannun ne zai lissafa maganin yaro gwargwadon kilonsa, inda kuskuren ɗigo ɗaya a takarda ke iya ninka allura sau goma. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa mai yin aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jiki a gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari. Ku tambayi manjo, shugaban gidan likitan garinku, awa nawa yake yi. Gidansa ma galibi cikin harabar likita yake, ƙofarsa ba ta san dare ba.

Yanzu mu sauko daga benci zuwa tabarma. Ita ma'aikaciya aƙalla tana da suna a takardar gwamnati. Mai jinya ba ta da ko wannan. Ku shiga sashen tamowa na asibitin Tasawa, ko babban asibitin Maradi, ku ga su waye zaune. Uwa ce, ko kaka, ko ƙanwar uwa. Ta baro ƙananan yara wajen kishiya ko maƙwabciya, ta baro gamanarta ciyawa na cinyewa, maigida yana gona ko ya tafi bida. Ita ke wankin zawo, ita ke tashi ba da madara cikin dare, ita ke riƙe hannun da aka sa wa ruwa kada ya lanƙwashe. In an kawo hura daga gida, ta ce ta ƙoshi. Kuma wannan mai sauƙi ce, don mako ɗaya ko biyu za a sallame su. Akwai wadda ke cikin gida shekara huɗu tana juya surukin da jikinsa ya shanye, ko tana kwana zaune da yaro mai sikila, ko tana gadin tsohuwar da ta ruɗe kada ta fita ta ɓace.

Mu kuma in mun je dubiya me muke cewa? "Ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." "Allah ya ƙara sauƙi." "Amin." Mu ajiye ɗan abin da muka riƙo, mu zauna mu yi ta hira bisa kanta, har ta tashi ta kawo mana ruwa. Mu tashi mu kakkaɓe riga mun sauke farali. Ranar da ta faɗi a bakin rijiya sai a ce iska ce. In ta yi wa mara lafiyan tsawa sau ɗaya cikin shekara huɗu, gari ya ɗauka, an ga halinta. Ita kuma ta kwana tana kuka tana ganin ta yi saɓo.

Akwai shawarwarin da ake ba masu jinya a duniya, kuma ba na raina su. Amma in ka ce wa macen da ke ita kaɗai a gidan likita ta riƙa barcin awa takwas tana motsa jiki da yamma, dariya za ta yi maka, in tana da sauran ƙarfin dariya. Abin da ke hannunta kaɗan ne, sai dai kaɗan ɗin ma yana da amfani, kuma ga shi, ƴar'uwa, in kina ji na. Ki ci abinci kafin ki buɗe ƙofa da safe, don in kin buɗe ba ki da lokacin kanki sai Allah ya yi. Ki ajiye butar ruwan sha inda idonki ke gani. In kin samu minti ashirin tsakanin mara lafiya da mara lafiya cikin dare, ki kwanta, kada ki ba waya. In kin ji zuciya ta taso, magana mai zafi ta zo bakin harshe, ki fita ki wanke hannu a hankali, ki ja numfashi ki sake shi sannu-sannu sau biyar ko shida, sannan ki dawo. Alwalar azahar ma, in an yi ta ba da gudu ba, hutu ce. Abin awon hawan jinin da kike ɗaura wa mutum hamsin a wuni, yaushe rabon da ki ɗaura wa kanki? Ranar da yaro ya cika a hannunki kuma, kada ki haɗiye ki wuce. Ki kira wata abokiyar aiki, ko da tana Mayahi ke kina Hawan Dawaki, ki faɗa mata yadda aka yi. Wadda ta taɓa rufe idon yaro ita ta san nauyin abin.

Akwai wata magana da ba a son faɗa, ni zan faɗa. Wanda makullin kantar magani ke aljihunsa yana cikin jarrabawa. Daga shayi mai kauri da Nescafé, wani ya zarce tramol don ya iya tsayuwa, sannan ya nemi ƙwayar barci don ya iya kwanciya. Shi ya fi kowa sanin ƙarshen wannan hanya, ya ga matasan da ake kawo masa suna fizga. In abin ya kai barci ya ƙaurace maka mako da makonni, gaba na faɗuwa ba dalili, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, to ka zama mara lafiya, ka je wurin babban likitan gunduma a duba ka kamar kowa. Farar riga ba laya ba ce.

Amma babban abin ba a hannunsu yake ba, a namu yake. Malamai suna ba mu labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, waɗanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsu. Salmanu ya kai ziyara ya iske ɗan'uwansa ya duƙufa, azumi da rana, tsayuwa da dare, har iyalinsa sun shiga wani hali. Aka kawo abinci, Salmanu ya ƙi ci sai sun ci tare. Dare ya yi, Abud Darda'i ya tashi zai yi salla, Salmanu ya sa shi ya kwanta, ya sake tashi, ya sake kwantar da shi, sai ƙarshen dare suka tashi tare. Sannan ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji, ransa da iyalinsa ma suna da nasu haƙƙin. Da labari ya kai ga Annabi, ya gaskata Salmanu. Mun saba jin ƙarshen labarin a wa'azi. Ni abin da ke tsaya mini shi ne Salmanu kwana ya yi a gidan. Sai da ya ga mutumin ya ci, ya ga ya yi barci, sannan ya yi magana.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san gayya a gona. Mun san adashe. A nan jihar Maradi aka haifi Mata Masu Dubara a 1991, asusun da mata ke zubi mako-mako, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Matan da suka iya tsara zubin kuɗi ba tare da dala ta ɓace ba, za su iya tsara zubin dare. In ɗaya daga cikinku tana jinya mai tsawo, ku raba kwanakin mako: yau wance ta karɓe ta daga azahar zuwa la'asar ta samu ta yi wanka ta runtsa, gobe wance ta ɗebo mata ruwa, jibi wance ta ɗauki yaran. Maza kuma, ranka ya daɗe, mahaifinka ne ke kwance, ba mahaifin matarka ba. Juya shi da ɗaga shi aikin ƙarfi ne, bayanta ya gaji. Daren Juma'a ɗaya ka kwana a ɗakin, ba zai rage maka girma ba.

Na gidan likita kuma, akwai kwamitin da gari ya zaɓa yana sa ido kan kuɗi da magani. In kun zauna taro kuna ƙirga kwalaye, ku ƙara tambaya ɗaya: cikin watan nan dare nawa ma'aikaciyarmu ta kwana a gidanta ba a buga mata ƙofa ba? Yaushe rabonta da hutun shekara, kuma in ta tafi wa zai zauna? Hukumar gari, da mai gari da limamai, suna iya abubuwa da ba sai an jira Yamai ba: fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa, ruwa a harabar likita, mai shara da mai gadi da ake biyansu a kan lokaci, da faɗakar da jama'a cewa ciwon da ya kwana uku a gida bai kamata ya zaɓi ƙarfe biyun dare ba, alhali na gaggawa ƙofa buɗe take gare shi kowane lokaci. Su kuma shugabannin lafiya na gunduma, in za a kira taron horo cikin Satumba, a duba wa aka bari a baya. A tuna da ƴan kwantaragi da ƴan sa kai da ke riƙe da ƙauyuka da yawa, don mai jiran haƙƙinsa wata da watanni ba ya barci ko an ba shi gado.

Ɗan ƙanwata kuwa ya tashi, yanzu yana lakwal, bai san an yi ba. Ƙanwata har yau in an ambaci likitar sai ta tsuke baki, kuma ban hana ta ba. Ni dai da muka fito da hantsi za mu tafi, na waiwaya, kwanon tuwon yana nan bisa benci, kaji sun ture murfin suna ci, ita kuma tana ciki ta fara awon masu ciki, layi ya kai gindin bedi.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu gardi na daren yau, da masu kwana bisa tabarma, a huta gajiya.